Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Zaɓen Allon Zamiya a Tsaunukan Faransa

Akwai wani mataki a koyon kowace sana'a ko wasa wanda ya fi matakin farko haɗari, wato lokacin da mutum ya fita daga sahun 'yan koyo amma bai shiga sahun gwanaye ba. Ɗan koyo ya san bai iya ba, saboda haka yana jin magana. Gwani kuwa ya san inda iyawarsa ta tsaya. Na tsakiya shi ne wanda ya ɗanɗana zaƙin abin, hannunsa ya fara faɗawa, sai zuciya ta soma ba shi labarin kansa wanda ya fi gaskiya daɗin ji. Tsofaffin direbobi sun san da haka, shi ya sa ba su cika tsoron wanda ya kama sitiyari jiya ba kamar wanda ya shekara guda yana tuƙi.

A kan wannan mataki na tsakiya nake a yau a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, wanda Turawa ke kira ski. Aiki ne ya kawo ni Grenoble, birnin da ke kudu maso gabashin Faransa, wanda jerin tsaunuka uku suka yi wa ƙawanya: Belledonne da Vercors da Chartreuse. A nan, da zarar hunturu ya kama, hirar ofis da ta kasuwa takan koma kan dusar da ta zuba a saman tsauni, kamar yadda hirar mutanenmu ke komawa kan ruwan shuka a farkon damina. Wanda ya ƙi shiga harkar zai kwashe wata huɗu a ɗaka yana leƙen taga. Na shiga, yau hunturu huɗu ke nan, kuma a bana na yanke shawarar barin haya in mallaki allunan zamiya na kaina.

Na san mai karatu da ke Kano ko Maraɗi, inda ƙanƙara sai a firji ko in ta faɗo tare da ruwan sama, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, wasan bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Lamine Guèye ya wakilci Senegal a gasar Olamfik ta hunturu a Sarajevo tun a 1984, Kwame Nkrumah-Acheampong ya ɗaga tutar Ghana a Vancouver a 2010, Samuel Ikpefan kuma ya yi wa Najeriya zamiyar dogon zango a Beijing a 2022. Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce wannan. Cinikin ya tilasta mini amsa tambayar da ke jiran kowane mai koyo, tela ne ko makaniki ko mahayin doki: a wane matsayi kake a gaskiya, ban da wanda kake so a ce kana kai?

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum zai sa wasu takalma masu tauri na roba da suka kai rabin ƙauri, ya maƙala kowanne a kan wani dogon allo siriri, ya riƙe sanda a kowane hannu. Kujerun da igiyar ƙarfe ke ja su kai shi saman tsauni, shi kuma ya gangaro yana karkata dama da hagu don ya mallaki gudunsa. A Faransa an raba hanyoyin gangarowa da launi huɗu. Koriya ta 'yan koyo ce, shuɗiya ta ɗan fi ta gangara, ja ta masu ƙwari ce, baƙa kuwa sai wanda ya amince da ƙafarsa. Kowa yakan fara ne da haɗa goshin allunansa wuri guda ya ware wutsiyoyinsu kamar kan kibiya, domin wannan tsayuwa ita ce birkinsa. Ranar da ya iya jera allunan biyu kafaɗa da kafaɗa yana juyawa da su tare, ranar ya bar ajin farko. Ni yanzu ina sauka jar hanya cikin natsuwa, ina taɓa baƙa idan dusa ta yi laushi. In za a aro harshen tsangaya, na wuce kolo, titibiri ne ni, amma gardi da saura.

Allunan da ake bai wa ɗan koyo a shagon haya gajeru ne masu laushi, an yi su ne don su yi haƙuri da shi. Sun yi mini rana, ba zan raina su ba. Amma da gudu ya ƙaru sai na fara jin goshinsu yana karkarwa, kuma da sassafe, lokacin da hanya ta daskare ta yi santsi, kaifinsu ba ya kama ƙasa yadda ya kamata. Ga shi kuma kowane mako da irin wanda za a miƙo maka, sai ka ɓata sa'a guda kana sabawa da baƙo. Akwai kuma lissafin aljihu. Haya takan ci kimanin Yuro 25 a wuni a inda nake zuwa, kuma bara na hau tsauni kwana 16, wato Yuro 400 ke nan a hunturu guda. A shagunan da na zagaya, allunan masu matsakaicin hali tare da maɗaurinsu suna tsakanin Yuro 400 da 700. Ko an haɗa da kuɗin wasa kaifi da shafa kakin da ake yi wa ƙasansu, hunturu biyu sun isa kuɗin su dawo.

Wahalar tana wurin zaɓe, kuma tarihin allon ne ya jawo ta. Kalmar ski ta samo asali ne daga tsohon harshen mutanen Norwe, ma'anarta tsagin itace, kuma tsawon ƙarnuka abin da allon yake ke nan. Mutanen yankin Telemark, wanda Sondre Norheim ya fi shahara a cikinsu tun bayan bajintarsa a gasar 1868 a birnin da ake kira Oslo a yau, su suka yaɗa allo mai ɗan matsattsen ƙugu wanda ya fi saurin juyawa. A 1907 wani kafinta mai suna Abel Rossignol, da ke yi wa masaƙu kayan katako a garin Voiron, nan kusa da mu, ya fara sassaƙa alluna, kuma har yau kamfanin yana ɗauke da sunansa. A shekarun 1920 Rudolf Lettner na Austriya ya sa wa allo kaifin ƙarfe a gefe. A 1950 Howard Head, injiniyan jiragen sama a Amurka, ya fito da allon da aka yi wa rufi da gorar ruwa. Babban juyin ya zo a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin Elan na Slobeniya da wasu takwarorinsa suka fito da alluna masu faɗin goshi da wutsiya da siririn ƙugu. Kafin nan babban mutum yakan hau allo mai tsawon mita 2, ya juya shi da ƙarfin tuwo. Bayan nan sai ya zama idan ka kwantar da allon a kan kaifinsa ka danna shi, shi da kansa zai lanƙwashe ya yanka maka kwana. Tun da allo ya karɓi rabin aikin juyawa, wanda ya zaɓi allo ya zaɓi irin juyin da zai riƙa yi.

A jikin kowane allo akwai lambobi uku, misali 125 da 78 da 108. Faɗin goshi ne da na ƙugu da na wutsiya, a ma'aunin milimita. Ta tsakiya ce ta fi faɗin halin allon. Mai siririn ƙugu, daga 65 zuwa wajen 80, na hanyar da mota ta daɓe ne cikin dare, yana saurin sauya kaifi kuma yana kama ƙanƙara. Daga 80 zuwa 100 ana cewa na ko'ina ne. Wanda ya haura 100 an yi shi ne don sabuwar dusa mai laushi kamar garin tuwo, inda faɗinsa ke hana shi nutsewa. Hotunan da ke bangon shaguna da mujallu kusan duk na wannan na ƙarshe ne: mutum shi kaɗai a farin tsauni, dusa na tashi a bayansa kamar ƙurar hawan daba. Wani abokin aikina da aka haifa a gindin waɗannan tsaunuka ya nace in sayi mai faɗi, yana cewa nan gaba can zan nufa.

Sai na buɗe ɗan littafin da nake rubuta kwanakin hawana. A cikin kwana 16 na bara, biyu ne kawai na tarar da sabuwar dusa. Sauran duka a kan daɓaɓɓiyar hanya na yi su, akasari a Chamrousse, inda Jean-Claude Killy ya ci lambobin zinariya uku a gasar Olamfik ta 1968. Ni ma'aikaci ne, ranakun Asabar da Lahadi nake samu, ba ranar da sama ta ga damar zubarwa ba. Ƙari a kan haka, saboda ɗumamar yanayi wuraren da ba su da tudu sosai suna ƙara dogara da dusar inji, wadda ta fi ta sama nauyi da tauri. Allo mai faɗi a kan irin wannan ƙasa yana da nawar kwanciya a kan kaifinsa, kuma yana ƙara wa gwiwa aiki. Fita daga shatacciyar hanya kuwa wani ilimi ne daban, mai buƙatar sanin zaftarewar dusa da ɗaukar na'urar neman wanda ta binne. Da na ɗora kwana 14 a kan sikeli ɗaya, kwana 2 a ɗayan, gardamar faɗi ta ƙare.

Bayan faɗi sai tsawo da girman kwanar da allon ke yankawa, wanda ake rubutawa da mita. A nan kayan 'yan gasa suna da darasi. A gasar duniya ta maza, allon kewaye sanduna kusa da kusa ba ya gaza santimita 165, yana yanka ƙaramar kwana ta wajen mita 13. Na tseren gangara kai tsaye kuwa ba ya gaza santimita 218, kwanarsa mita 50. Mutum ɗaya ne zai iya hawa duka biyun, aikin ne ya bambanta. Ga mai wasan nishaɗi, shawarar da aka saba bayarwa ita ce allon ya tsaya tsakanin haɓarsa da tsakar kansa, ɗan koyo ya tsaya kusa da haɓa, mai ƙwari ya matsa sama. Kwana ta mita 14 zuwa 17 tana ba da damar yin gajeren juyi a inda hanya ta cika da jama'a, da dogo a inda ta buɗe.

Abin da lamba ba ta cika nunawa ba shi ne tauri. Cikin allo mai kyau itace ne, an naɗe shi da zaren gilashi, wani lokaci a shimfiɗa masa falle ɗaya ko biyu na wani ƙarfe mai suna Titanal, wanda duk da sunansa gorar ruwa ce aka gauraya. Falle biyu suna sa allo ya zauna daram a babban gudu, shi ya sa gwanaye ke son sa, shi ya sa kuma ya fi tsada, ya fi ɗaukar ido. Sai dai allo ba ya juyawa sai ya lanƙwashe, mai tauri kuma ba ya lanƙwashewa sai da gudu da nauyi da daidaitacciyar tsayuwa. Duk wanda ya taso a gidan da ake ɗaure doki ya san ingarma mai ƙarfin baki: a hannun gwani abin sha'awa ne, a hannun wanda bai isa ba kuwa shi ke zaɓar hanya. Haka allo mai tauri yake yi wa na tsakiya. Yana ƙin juyawa, mahayi ya tsorata ya koma baya da jikinsa, alhali zama a kan wutsiyar allo na cikin yanayin da aka fi samun tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, ciwon nan da ke zaunar da 'yan ƙwallo wata da watanni. Gwiwa ita ce gaɓar da ta fi jin rauni a wannan wasa. Ni kuwa ina da iyali a nan, ina da masu jiran saƙona a gida. Gwiwata ba tawa ba ce ni kaɗai.

Inda tambayar ta fito fili ƙarara shi ne wurin ɗaura maɗauri, wato ƙarfen da ke riƙe takalmi a kan allo. A da maɗauri ba ya saki, in ka faɗi allon ya murɗe ƙafar har ƙashi ya karye. Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norwe mazaunin Amurka, shi ya ƙirƙiro mai saki a ƙarshen shekarun 1930, bayan da shi kansa ya karya ƙafa. Na yau yana da lamba da ake kira DIN, daga sunan hukumar ma'aunai ta Jamus. In lambar ta yi ƙasa, allon zai fice maka kana tsakiyar gudu. In ta yi sama, zai ƙi sakinka a lokacin da ya kamata. Mai gyara yana fitar da ita ne daga abu biyar: nauyinka, tsawonka, tsawon tafin takalminka, shekarunka, da kuma irin hawanka, ko kai mai taka-tsantsan ne, ko matsakaici, ko mai zafin gudu. Huɗun farko sikeli da tef da katin shaida ne ke faɗinsu. Na biyar bakinka kaɗai ke faɗa, babu mai ƙaryata ka. Dattijon da ya ɗaura mini nawa ya shaida mini cewa a shekarun da ya yi yana wannan aiki, maza sun fi yawan ƙara wa kansu matsayi a wannan layi, musamman in abokai na tsaye. Na rubuta matsakaici. Takardar nan ba ta da amfani ga kowa sai ranar faɗuwa, kuma a ranar ƙashi ne ke biyan abin da baki ya ƙara.

Shi dai wannan dattijo ya ja hankalina ga abin da ya kamata ya riga allo, wato takalmi. Duk umarnin da jiki ke bai wa allo ta cikin takalmi yake bi, in ƙafa tana yawo a ciki, umarnin ya ɓace a hanya. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, a duba faɗinta, sannan a zaɓi taurinsa. Lambar tauri takan kama daga wajen 60 zuwa 130 ga manya, amma ba a daidaita ta tsakanin kamfanoni ba, 100 na wannan ba lallai ya zama 100 na wancan ba. Na riga na mallaki nawa tun bara, aka gasa cikinsa ya ɗauki siffar ƙafata. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi duka biyu ba, ya sayi takalmi ya ci gaba da hayar allo.

Daga nan sai gwaji, domin gani ya kori ji. Shaguna da yawa a gindin tsauni sukan bari ka gwada alluna daban-daban a wuni guda. Na ɗauki uku, na hau hanya ɗaya da kowanne sau uku. Na farko mai ƙugu 68 da falle biyu na ƙarfe: a kan ƙanƙara kamar jirgin ƙasa a kan dogo, amma kafin azahar cinyoyina sun yi tsami, kuma da na rage gudu sai ya daina saurarena. Na biyu mai ƙugu 96: da yamma, da dusa ta narke ta tattaru tsibi-tsibi, ya yi daɗi ƙwarai, da safe kuwa sai da na riƙa jiransa ya kwanta. Na uku mai ƙugu 78, tsawo santimita 172, kwana mita 15, itace da ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashin tafin ƙafa. Tsawona santimita 178 ne, allon ya tsaya mini a goshi. Shi ne na manta yana ƙafata, hankalina ya koma kan hanya. Ya fi na haya buƙatar in tsaya daidai, in na yi sakaci yana nuna mini, amma ba ya jefar da ni a kan hakan. Shi na saya, samfurin bara, wanda fenti kawai ya raba shi da na bana, aka rage mini kuɗi mai kauri. Akwai kasuwar gwanjon kayan zamiya da ake ci a garuruwan nan kafin hunturu, ana samun araha sosai, sai dai mai saye ya duba kaurin kaifi da shekarun maɗauri, don masu gyara sukan ƙi taɓa maɗaurin da ya tsufa.

Hujjar abokina ba ta banza ba ce, kuma ya kamata in ba ta haƙƙinta. Cewa yake yi mai ci gaba ya sayi abin da zai girma a cikinsa, kada ya sake kashe kuɗi baɗi. Haka iyayenmu ke yi da ɗinkin Sallah, a sa tela ya ƙara tsawo don yaro ya shekara biyu yana sawa. Akwai gaskiya a ciki, domin allon da ya yi wa mutum laushi yana tsayar da shi wuri ɗaya, ya saba da jan ƙafa maimakon yanka. Bambancin shi ne riga in ta yi yawa naɗe hannunta ake yi, ba ta kayar da kowa. Kayan aikin da ke gaban mai shi da taki ɗaya malami ne, yana jan sa gaba. Wanda ke gabansa da taki biyar kuwa tsoro yake koya masa, mai tsoro kuma ba ya koyon komai sai dabarar tsira. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Rarar kuɗin da ta rage tsakanin allon da na saya da wancan mai tsada, na biya darasi da ita wurin malaman zamiya masu jajayen riguna, domin gyaran tsayuwa guda ya fi falle biyu na ƙarfe ƙara wa mutum gudu.

Na kan tuna da wannan idan na ga matasanmu a gida, wanda ya fara ɗaukar hoto wata uku ya ci bashi don kyamarar da ko rabin maɓallanta bai sani ba, ko wanda bai gama sabawa da ƙaramin babur ba ya hau mai ƙarfin mota. Kasuwa a ko'ina ta iya sayar wa mutum hoton wanda yake mafarkin zama, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi mafarki. Amma tsauni ba ya karanta sunan da ke jikin allo, nauyi da tsayuwa kawai ya sani. Ina sa ran nan da hunturu uku ko huɗu waɗannan alluna za su yi mini kaɗan, in kai su gwanjo wani titibirin ya ɗauka, ni kuma in sake zama gaban takardar nan mai tambaya biyar. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiyar matsayinmu, ko da babu mai ƙaryata mu.